Mai Jan Wasa Ma Ɗan Wasa Ne

Abin da ya ja mu yin rubutun nan ƙaramin abu ne a ido, irin wanda babba zai ji ya yi murmushi ya ce sha'anin yara. Amma da muka juya shi a majalisa dare biyu zuwa uku, sai muka ga ashe har da mu ake.

A azumin da ya wuce, mutanen layin bayan masallaci sun lura tashen samarin layin bai fito ba. Shekara uku ke nan a jere, da zarar azumi ya kai goma, in an sha ruwa an idar da asham, sai ka jiyo su da gwangwanayensu, ɗaya ya manna gemun auduga ya sa tsumma ya dogara sanda, sauran na biye suna amshi. Bana kuwa shiru. Har daga cikin gidaje aka riƙa aiko yara tambaya, wai ko lafiya? Da muka bincika sai muka tarar ba hana su aka yi ba, ba kuma rigimar rabon kuɗi ba ce kamar yadda aka saba. Yaron da ke jan tashen ne ya ce ya gaji, bana wani ya ja. Aka rasa mai ja, tashe ya mutu.

Wani dattijo a cikinmu ya sa aka kira shi, ya ce, "Kai ɗana, me ya yi zafi haka?" Yaro ya durƙusa ya ce, "Wallahi Kawu, ni ke nemo auduga, ni ke roƙo tsohuwar rigar Baba, ni ke koya musu waƙa, ni ke bi gida-gida ina tattaro su. In maigida ya kore mu, ni ake zagi. In an samu, a raba daidai, ban taɓa cewa uffan ba. In ba a samu ba kuma su ce ni ne ban iya ba. Shekara uku ban taɓa tsayawa a baya na yi amshi na yi dariya kamar kowa ba."

Muka ce to, ai ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Aka kira sauran. Su kuma suka ce, "Baba, ai shi ba ya barin kowa ya taɓa. In ka kawo sabon salo ya ce ba haka ake yi ba. Gidan da ya ga dama nan za a shiga. Kullum shi ne tsoho, mu 'yan rakiya ne kawai."

Ka ji fa. Shi yana kukan an bar masa kaya, su suna kukan ya hana su ɗauka, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. A nan tambayar ta tsaya mana: idan mutane sun taru don nishaɗi, ɗaya yana ja sauran suna bi, daɗin wasan na wane ne? Mai ja bawan sauran ne, ko kuwa su ne kayan wasansa?

Muna cikin wannan muhawara sai wani ɗanmu da ke karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, can Yelwa, ya ce ai wannan rigimar har Turawa suna fama da ita, manya masu gemu na gaske, ba na auduga ba. Ya ba mu labarin wani wasa da ake kira Dungeons & Dragons, wanda wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar a 1974. Mutum huɗu ko biyar za su zauna su kewaye tebur, kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labari ya zama shi: wannan jarumi, wancan ɓarawo, wancan boka. Sai mutum ɗaya, mu kira shi uban wasa, shi ba shi da jarumi nasa. Shi ke tsara duniyar labarin, shi ke cewa ga ku a bakin wani kogo, ga duhu, kun ji motsi, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma fitacciyar cikinsu fuska 20 gare ta, a ga ko abin ya yiwu. Sarki da dodo da mai sayar da abinci a kasuwar labarin, duk uban wasa ne ke magana da bakinsu, kuma shi ne alƙali in an yi gardama. Ba ci ba a cinyewa, labari ne ake ginawa tare. Zama ɗaya kan ɗauki awa uku ko huɗu, labari ɗaya kuwa ana iya jan sa wata da watanni, har shekaru. Hukuncin jefa ƙwaya mun bar wa malamanmu, mu zaman mutanen ne ya dame mu.

Su 'yan wasa zuwa kawai suke yi su zauna. Uban wasa kuwa tun kafin ranar yana ta zanen taswira, yana ƙirƙiro mutane, yana haddar dokoki. A bugun 2014 littafi guda aka ware masa shi kaɗai, mai shafi sama da 300. To sai ranar ta zo, wani ya makara, wani ya aiko cewa ba zai samu zuwa ba, wani ya zo amma idonsa na kan waya. A hankali uban wasa ya gaji ya ajiye, taro ya watse. A wani wurin kuma uban wasan ne matsalar: ya riga ya rubuta labarinsa tun daga farko har ƙarshe, duk dabarar da 'yan wasa suka kawo sai ya toshe ta, har su gane cewa ba wasa suka zo ba, kallo suka zo. Muka dubi juna muka ce wannan ai tashen layin bayan masallaci ne aka kai shi Amurka.

Ya ƙara mana da wani abu. Tun daga 2015 akwai wani shiri mai suna Critical Role da ake nunawa a intanet, inda ƙwararrun masu sa murya a fina-finan katun suke wannan wasa, wani Matthew Mercer ne ya fara ja musu. Mutane suka kalla suka ji daɗi, sai wasu suka koma suna auna abokinsu da ke ja musu wasa kyauta, bayan ya taso daga aiki, da ma'aunin wanda sana'arsa ke nan. Wannan ma mun san shi. Yaran da suka tashi suna kallon finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, so suke ɗan layinsu mai shekara goma sha biyar ya ba su dariya kamar Ibro, in ya kasa su ce bai iya ba.

Me ya sa ba a samun irin wannan kuka a wajen dara? Don ita dara da adalcinta ta zo. Gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ka sa in sa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Nauyin da ke kanka shi ke kan abokin karawarka. Haka ludo, haka karta. Amma wasan da ke da mai ja, tun daga tushe a karkace yake. Mutum ɗaya ya fi kowa aiki, kuma shi ya fi kowa iko. Aikin nan shi ke sa a cuce shi, ikon nan shi ke sa ya cuci wasu. Doka ba ta iya miƙe wannan karkata, sai dai hali.

Kuma in muka duba da kyau, kakanninmu sun san da wannan, sun kuma yi masa tanadi. Iyayenmu da suka zo Bauchi daga Kano da Katsina da Zazzau, ba kayan fatauci kaɗai suka ɗauko ba, har da tatsuniya. Ku tuna yadda ake fara ta. Kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, sai ta yi shiru. Ba za ta ci gaba ba sai yara sun ce ta zo mu ji ta. Wato tun kafin Gizo ya fito an ƙulla alkawari: ni zan bayar, ku kuma za ku saurara. In an zo wurin waƙa, yara ke amshi. In yaro ya ce, "Iya, to me ya sa Ƙoƙi ba ta gudu ba?" gwanar tatsuniya ba ta ce masa rufe mini baki, sai ta saƙa amsar a cikin labarin kamar da ma can tana ciki. In ta kai ƙurunƙus kuma, sai ta ce saura wa? Wata yarinya ta kawo tata, ko da rabi ta manta, kaka ta jingina da bango ta zama mai sauraro, ita ma ta sha dariya.

Kacici-kacici ma ya fi fito da abin fili. In mai tambaya ya ɗaure ku kuka kasa, ba ya faɗin amsa haka nan, sai kun ba shi gari. Ku ce mun ba ka Dass, ya ce bai isa ba. Ku ce mun ba ka Azare, ya yi ta jan rai, sai an kai shi Kano ko Makka sannan ya shiga ya ci ya sha ya kwashe dukiyar garin da baki, ya faɗi amsa. Garin nan ba a taɓa ganin ko tubalinsa ba, amma darasi ne babba. Al'ada tana gaya wa yara cewa wanda ya wahala ya kawo muku abin nishaɗi, shi ma a ba shi lokacin da zai ji daɗinsa, ku tsaya ku kalle shi yana fankama.

Ko a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, dubi akun nan da ke ba Musa ɗan sarki labari dare bayan dare don ya hana shi fita. Ba labarin da ya ga dama yake zubawa ba, yana karantar mai sauraronsa, yana lura da abin da zai riƙe shi har gari ya waye. Daga baya kuma ba a ce masa sannu kawai aka watse ba, sarki ya ɗaukaka shi har ya zama waziri. Mai bayarwa ya kula da mai ji, mai ji ya san darajar mai bayarwa.

To amma a majalisarmu ba kowa ya yarda ba, kuma waɗanda suka ja da maganar suna da hujja. Wani ya ce, wa ya tilasta shi? Shi ya so ja, kuma ya sha girma. Shi ake nunawa a ce ga tsohon tashe, sunansa matan unguwa suka sani. Girman nan ai shi ne ladansa, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Gaskiya ne akwai zaƙi a jagoranci, kuma wanda ya ce ba ya jin daɗin a yaba masa, bai faɗi gaskiya ba. Sai dai mu tambayi kanmu: shi ya so, ko kuwa kowa ne ya noƙe shi ya ji kunya ya ɗauka? Sau da yawa wanda muke cewa shi ya so, shi ne dai wanda ya kasa jure ganin abin ya lalace. Shekarar farko ya yi don sha'awa, ta biyu don an saba, ta uku don ba yadda zai yi. Mu kuma muna ta lissafa masa ladan shekarar farko.

Wani kuma ya ce, ai akwai mutanen da daɗinsu shi ne su ga wasu suna jin daɗi, in ka ce za ka raba musu aikin ma ka ɓata musu. Wannan ma haka ne, akwai su, Allah ya ƙara mana irinsu. Amma shi irin wannan mutum abincinsa fuskar jama'a ce. In ya ɗaga kai ya ga ana dariya, ana amshi da ƙarfi, ya ƙoshi. In ya ɗaga kai ya ga kowa na latsa waya, ko an zo a makare ana hamma, to da me zai ƙoshi? Wato ko wanda ba ya neman komai, yana neman abu ɗaya: a kasance tare da shi. Hausawa suka ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Mai tuwo ma yana son ya ji an amsa kiran da fara'a.

Na uku shi ya fi ba mu aiki. Ya ce in aka fara auna daɗi da mudu, wa ya samu nawa, to wasa ya tashi daga wasa ya zama kasuwar Muda Lawal. Mun yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma a nan ne muka gane kuskuren yaran. Su sun ɗauka tunda ana raba kuɗin tashe daidai, an yi adalci. Alhali abin da ya karkace ba ya shiga aljihu. Daɗin mai ja daban, daɗin mai amshi daban, ba za su taɓa zama iri ɗaya ba, kuma ba a so ma su zama. Abin da ake so shi ne kada a tashi wasa akwai wanda aka yi amfani da shi kawai. Ma'aunin ba mudu ba ne, tambaya ce guda: in an ce gobe a sake, kowa zai dawo da son ransa?

Kada kuma a ɗauka mun wanke mai ja. Duk wanda ya yi ƙwallo a filin unguwa ya san mai ƙwallo, yaron nan da in an ci su sai ya sunkuce ƙwallonsa ya ce an tashi. Mai jan wasan da ya ɗauki wahalarsa ta zama lasisin mallaka, shi ma mai ƙwallo ne. Yana cewa ba mai taimakona, amma in an miƙo hannu sai ya ture, don a ransa yana tsoron kada a iya ba da shi ba. Wahalar da ka hana kowa ya taya ka, ba ka da bakin yin gori da ita. Wasa amana ce a hannun mai ja, kuma alamar ya riƙe amanar ita ce ya bar wa mutane wurin da za su sa nasu, ko da nasun bai kai nasa kyau ba. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to amma gwanin makaɗi shi ma yana kallon ƙafar masu rawa.

Ɗalibin nan ya ce masu wancan wasa na tebur sun ɓullo da wata dabara: kafin a fara sabon labari, sai a yi zama guda wanda ba a wasa a cikinsa, magana kawai. Kowa ya faɗi abin da yake so da abin da ba ya so, a tsayar da rana da lokaci, uban wasa ma ya faɗi iyakar abin da zai iya. Wasu kuma karɓa-karɓa suke yi, wannan ya ja na wasu watanni, ya sauka wani ya hau. Muka ce wannan ai ta zo mu ji ta ce, da saura wa. Muna da abinmu, sakaci ne ya sa muka bari.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu manya mun fi yaran laifi. A kowace majalisa akwai mutum ɗaya da ke hura gawayi ya dafa shayi, yana zubawa yana miƙawa, hira ta wuce shi, sai dai in sukari ya yi kaɗan a tuna da shi. A gasar ƙwallon unguwa akwai wanda ke riƙe usur, kowa ya buga ya more, shi ya koma gida da zagin ɓangare biyu. Akwai uwar adashi, akwai babbar ƙawar amarya da ba ta zauna ba tun kamu har kai amarya, akwai iyayenmu mata da ranar Sallah suke bakin murhu muna can muna kallon hawa a ƙofar fada. Duk waɗannan masu jan wasa ne. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, haka nan ba ma sanin su sai ranar da suka ce sun gaji, sannan mu ce wane ya canza hali. A cikinsu kuma akwai waɗanda in ka ce kawo in taya ka, sai su ji kamar ka zage su. Kowa ya duba ya ga a wane layi yake.

Saboda haka ga abin da muke gani, ba doka ba ce, shawara ce ta 'yan'uwa. In kai mai bi ne, ka zo a kan lokaci, ka zo da zuciyarka, ka yi amshi da ƙarfi. In an tashi ka ce sannu da ƙoƙari, ka kuma faɗi takamaiman abin da ya burge ka, don sannu ta baka kowa ya iya. Wata rana ka tambayi mai ja, kai fa, kana jin daɗin abin nan kuwa? In gyara gare ka, ka kawo shi tare da hannun taimako. In kuma kai ne mai ja, ka faɗi gajiyarka tun tana ƙarama, kada ka bari sai ta zama fushi. Ka bar wani ya gwada ko da zai ɓata, kai ma ba da iyawa aka haife ka ba. Ka koya wa na bayanka, don wasan da ya dogara da mutum ɗaya, ranar da ya yi zazzaɓi an tashi.

Yaran layin bayan masallaci dai mun sake tara su bayan Sallah. Ba mu yi musu hukunci ba, mun sa kowa ya maimaita a gaban ɗan'uwansa abin da ya gaya mana. Shiru ya ɗan yi tsawo, sannan ƙaraminsu ya ce shi da ma yana son ya gwada zama tsoho, tsoro yake ji kada a yi masa dariya. Aka fashe da dariya, aka ce ai da ma don a yi dariyar ake yi. Sun yi alkawarin azumi mai zuwa dare biyu-biyu za su riƙa karɓa, auduga da riga kuma kowa da abin da zai kawo. Shi kuma tsohon mai ja ya ce zai tsaya a baya ya riƙe gwangwani, amma dattijon da ya kira shi tun farko ya ce masa, "Ɗana, ka fa riƙe bakinka in ka ga sun yi ba daidai ba." Ya sunkuyar da kai yana murmushi ya ce, "Zan yi ƙoƙari, Kawu."

Ko za su cika, sai azumi ya kai goma mu gani. In kun ji gwangwani a ƙofar gida kuka ga tsohon bana gemunsa a karkace, waƙar ma tana ɗan tuntuɓe, don Allah kada a kore su, a ba su abin da ya sawwaƙa. Sannan a leƙa can baya, a duba ko akwai wani dogon yaro da ke amshi yana dariya.

Allah ya kai mu da rai da lafiya, ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna, na wasa da na gaske. Amin.